Baƙar Safa a Igiyar Shanya

Masu bina a wannan shafi, ku yafe mini shirun da na yi. Wata a cikinku har ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. 'Yar uwa, ba a ɗaura komai ba. Safa ce ta kusa kashe maganar ɗungurungum, kuma labarinta na kawo muku yau. Wanda bai san ni ba ya matso in faɗa masa a gurguje.

Mijina, wanda kowa ke kira Dogo, ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Bai daɗe yana jinya ba. Aikinsa kiwon ɓeraye ne a gidan dabbobin bincike na jami'a. Eh, ɓeraye, ba idonku ba ne ya ga ba daidai ba. Ni ban yi nisa a karatu ba, amma ni ce ke kai masa abincin rana, in tsaya a bayan gilashi ina kallonsa cikin farar riga da takunkumi, yana bin keji ɗaya bayan ɗaya yana yi musu magana kamar 'ya'yansa. Mu ba mu samu haihuwa ba. Da ya rasu, Dakta, matar da ke shugabantar wurin, ta zo gaisuwa, ta ce in ina so in zo a koya mini aikin. Na je. Ranar da na fara, rigarsa na tarar a rataye, sai da na naɗe hannunta sau uku.

Ɓerayenmu ba irin wanda ke cinye muku burodi ba ne. Shi mai cin burodin ba ya neman lemo a wurin kowa, hantarsa ce ke haɗa masa bitamin si daga sukarin jikinsa. A kan hanyar haɗawar akwai wani ɗan sinadari da Dakta ke kira inzayim, sunansa gulukonolaktones, sai da na yi wata guda kafin bakina ya iya ɗaukarsa. Dogo bai taɓa wahalar da kansa ba, Maƙeri yake ce masa. Ya ce akwai sukari mai tsami da ke naɗewa kamar zobe, to Maƙeri ne ke kwance zoben, in ta kama kuma ya sake haɗa shi. Namu ɓerayen an haife su babu Maƙeri. In ba a ba su bitamin ɗin ba sai su rame, ƙashinsu ya yi laushi, tafiya ta gagare su. Dakta ta ce mu ma mutane ba ma haɗa namu, sai mun ci a abinci, ko da yake namu gurbin daban ne. Shi ya sa take nazarinsu.

A ruwan shansu muke zuba musu. Matsalar ita ce haske na kashe ƙarfinsa, sai kwalba ta yini a rataye ta koma ruwa kawai. An sha naɗe kwalaben da takardar gwangwani, tana yagewa, tana ƙara tana tsorata su. Rannan Dogo ya cire safarsa baƙa, ya huda wurin babban yatsa, ya zura kwalba a ciki, bakinta ya leƙo ta hudar. Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta auna ruwan washegari, ta ce a sayo safa. Tun daga nan kowace kwalba a ɗakin nan da safarta take kwana. Ni ke sayo sababbi, in huda, in daje bakin hudar da allura a gida, in wanke, a wurin aiki kuma a dafa su a tukunyar turiri kafin su shiga ɗaki. Kwalba ɗaya ce ban taɓa canja wa safa ba, ta kejin farko kusa da ƙofa. Waccan ta ƙafarsa ce.

To, ga mai neman nawa.

Bayan rasuwar na koma gidan Ummanmu, ɗakin baya. Gara ta cinye mana ƙofar kicin, mijin Yayata ya turo mai feshin maganin ƙwari. Gajere ne, mai ɗan tumbi, rigarsa ruwan sararin sama a goge kamar za shi ɗaurin aure, kullum yana ƙamshin sabulu. Matarsa ta rasu shekarun baya. Ya zo kashe gara, na miƙa masa ruwa, sai garar ta ƙi ƙarewa. Yau ya zo duba ƙofa, jibi ya zo duba taga. Umma ta ce tunda aka gina gidan nan ba a taɓa kula da katakonsa haka ba.

Abu ɗaya ne. A jikin ƙofar motarsa an zana ƙaton ɓera kwance, ƙafafu a sama, harshe a waje.

Yaya ce ta fara tare shi. Da ya tambaye ta aikina, sai ta ce, "Ai a jami'a take, ɓangaren lafiya." Da ya tafi ta biyo ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Auta, ki saurare ni. In kika bari kalmar ɓera ta fito daga bakinki, ni da ke ne."

"Yaya, ai ba sata nake yi ba."

"Da sata ce da an san yadda za a yi bayani! Mutum ya ƙare rayuwarsa yana kashe su, ke ki ce masa kina yi musu shimfiɗa? Ki bari a ɗaura, sai ki ajiye aikin nan cikin mutunci."

A raina na ce, wa zai duba musu ruwa?

Ranar da ya zo hira ta farko a falo, na sa doguwar riga mai ruwan toka, Yaya ta fizge mayafina baƙi ta ɗora mini nata mai ruwan hoda, ta ce makokin ya isa. An kawo shayi a kofunan baƙi, waɗanda Umma ba ta fitarwa sai ta ga dama. Bawan Allah ya gyara zama, don ya burge ni, ya shiga ba ni labarin wani sito cike da ɓeraye da ya share.

"Malama, wallahi buhu muka cika da su. Wani har ya kai girman takalmina."

Shayi ya sarƙe ni. Umma, da ke gefe tana yi kamar tsintar shinkafa take, ta taka mini ƙafa.

"Sannu, sannu. Ko labarin ne ya tayar miki da zuciya? Mata ba sa son jin zancen ɓera, na sani."

"Sosai kuwa," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ko hotonsa ba ta iya kallo."

Ni da wayata cike take da hotunansu!

Amma ku ji gaskiya, ina son zuwansa. Yana da dariya mai sa mutum dariya ko bai ji abin da aka faɗa ba. Bai taɓa ce mini in manta da Dogo ba. Da safe saƙonsa ke tashe ni: "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Garar gidanku ta ce in gaishe ki, ta yi hijira." Ina cikin bas in ta murmushi ni kaɗai, har wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko albishir aka yi mini.

Sai ranar hutun ƙarshen mako. Na sayo sababbin safa, na zauna na huda su duka, na daje, na wanke, na jera su a igiyar bayan gida tun daga wannan bango har wancan. Ina ɗaki ina guga ban san ya zo ba. Umma ta ce ya zagaya baya duba ƙofar banɗaki, ya daɗe, ya fito ya ce ya tuna yana da aiki. Ko shayi bai sha ba.

Da yamma saƙo ya shigo. Har yanzu yana nan, ga shi yadda ya rubuta:

"Malama, na ga safar marigayi a igiya. Duk sun huje amma kina wanke su. Ni ma na yi shekara biyu ina goge takalman matata, na san wannan wurin. Ba zan matsa miki ba. Idan kin shirya, kin san lambata."

Na karanta na fashe da dariya, ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Mutumin nan ya yi kuskure a kan safa, amma bai yi kuskure a kaina ba.

Saƙon safe ya tsaya. Mota mai hoton ɓera ta daina tsayawa a ƙofarmu. Yaya ta zo kamar za ta tashi sama, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Kin gani ko? Kin gani? Safa! Mata na rasa miji saboda kishi, ke kin rasa saboda safar ɓera! Kawo su nan in ƙona."

"Ki taɓa su ki gani."

"Umma, kina jin ta?"

Umma ta ce, "Ina jin ku duka. Ke babba, ke kika ce ɓangaren lafiya. Ke ƙarama, ke kika yi shiru. Ni ƙafa kawai na taka."

Washegari na sami Dakta a ofis tana cin biskit a ɓoye, ita da ta hana kowa ci a wurin. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya har ta cire tabarau, amma da na faɗi sana'arsa sai ta mayar da shi ta dube ni.

"Matar Dogo," haka take kirana har gobe, "tarko yake ɗanawa? Da hannunsa yake kwashe su?"

Na ce eh.

"Kin tuna abin da na faɗa miki ranar farko. Mai shiga ɗakin nan ba ya hulɗa da ɓeran waje. Cutar da na waje ke yawo da ita lafiya lau, in ta shigo nan sai ta share mana ɗaki. In kayan aikinsa na kwana a gidanki, kina wanke masa riga, ba zan iya barin ki wuce ƙofar nan ba. Ba don ba na son ki ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Na shiga ɗaki na yi aikina, na canja garin katako, na cika kwalabe. Da na zo kejin farko na ɗaga kwalbar sama, sai na hango fitila ta cikin safar. Ta sha wanki har ta zama kamar rariya. Dakta ta sha nuna mini ita da ido, ni kuma kullum sai in juya ɓangaren da ya fi kauri ya kalli haske, in canja ruwan wannan kejin fiye da na sauran. Na tsaya ina kallon 'yan mitsi-mitsin nan suna tsotsar ruwa. Na ce a raina, Dogo, ka bar ni da aiki.

A bas na rubuta masa: "Malam, safar ba ta marigayi ba ce. Ka zo ƙofar wurin aikina gobe da rana in nuna maka masu ita."

Amsa ta zo nan take: "MASU ita? Su nawa ne?"

Na ce, "Da yawa."

Ya turo hoton fuska mai zufa.

Ya zo kuwa, ya ajiye motar nan tasa daidai gaban allon gidan dabbobi, har mai gadi ya fito yana zare ido. Na fito da farar rigata, muka zauna a benci ƙarƙashin bishiya, tsakaninmu akwai tazara. Ban iya dogon bayani ba, sai na miƙa masa waya. Bidiyo ne na ɗakin, layin keji, kowace kwalba sanye da baƙar safa, ɓeraye na ɗaga kai suna sha.

Ya kalla. Ya sake kalla. Ya dubi motarsa, ya dube ni.

"Malama, waɗannan... ɓeraye ne."

"Su ne."

"Kuma ke ce kike..."

"Ni ce uwarsu. Ni ke ba su abinci, ni ke yi musu shimfiɗa."

"Ni kuma na zauna a falonku ina ba ki labarin buhu."

"Har da mai girman takalminka."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Ya yi dariya har hawaye, mai gadi ma ya kama ba tare da ya san dalili ba. Da ya lafa ya ce to me ya kai ɓera sa safa? Na ba shi labarin Maƙeri da zoben sukari, da yadda aka haife su babu shi, da yadda haske ke kashe maganin. Ya saurara baki buɗe.

"Ikon Allah. Wato akwai ɓeran da ba zai rayu ba sai an kula da shi. Ni duk wanda na sani, ko siminti ya ci ƙiba yake yi."

"Waɗannan kwana kaɗan za a yi sakaci su fara ramewa."

"Marigayi ne ya ƙirƙiro safar?"

Na gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai kai."

Nan na faɗa masa maganar Dakta, ban rage komai ba. Na ce Yaya na so in ajiye aikin, ni kuma ba zan ajiye ba. Ba don albashi ba. A ɗakin nan ne kawai nake jin kamar Dogo ya fita ne zai dawo, kuma yanzu aikin ya zama nawa, na iya shi, ina son shi. Na ce ina son zuwansa gidanmu, wannan ma gaskiya ce, amma ba zan saya da su ba.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Ɓera shi ne rabin sana'ata, Malama. Da shi aka san ni. Kin ga motar."

"Na gani."

Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "To. Na gode da kika faɗa mini." Ya shiga mota ya tafi, ɓeran nan mai harshe a waje yana kallona har suka sha kwana.

Kada ku tambaye ni yadda na yi kwanakin da suka biyo. Yaya ta daina yi mini magana sai ta bakin Umma: "Umma, ki ce wa uwar ɓeraye ta miƙo gishiri." Waya ta yi tsit. Na cire mayafin ruwan hoda na ninke na mayar mata.

Shekaranjiya da safe ina shiga, mai gadi ya tare ni da leda. Ya ce mai motar nan ne ya bari, kuma ya ce a gaya mini ya yi wanka sau biyu kafin ya taɓa. Na buɗe. Baƙar safa ce sabuwa, ƙulli guda, kowace an huda wurin babban yatsa. An daje bakin hudar da zare, ɗinki irin na wanda bai taɓa riƙe allura ba, wani wurin ya tattare, wani wurin zaren ma shuɗi ne. Ina tsaye sai ga saƙo:

"Ranki ya daɗe. Na bar wa abokin aikina ɓeraye da tarkunansu, har motar. Ni na riƙe gara da kyankyasai, su ba su da uwa a jami'a. Kayan feshi a shago za su riƙa kwana, can zan yi wanka in canja riga. Ki tambayi Dakta ko hakan ya yi. In bai yi ba ta faɗi abin da zan ƙara. Allura ta soke ni ba adadi, ki duba ko hudar ta yi daidai."

Na kai wa Dakta wayar da ledar. Ta karanta, ta ɗaga safa ɗaya ta duba ɗinkin ta girgiza kai.

"Ɗinkin nan abin a kai shi kotu ne. Amma zaren safar mai kauri ne, haske ba zai ratsa ba. Ki ce ya zo in gan shi, ina da tambayoyi a kan maganin da yake fesawa. In ya amsa da kyau, ba ni da ta cewa." Ta miƙo mini safar. "A dafa su yau. Akwai kwalbar da ta daɗe tana jira, kin san ta."

Da rana suka fito daga tukunyar turiri da ɗuminsu. Na je kejin farko. Na zare ta Dogo a hankali don kada ta yage, na ninke ta na sa a aljihun farar rigarsa da nake sanye da ita. Na yi kuka kaɗan a cikin takunkumi, ba wanda ya gani sai su. Sannan na zura kwalbar a cikin mai shuɗin zare. Bakinta ya leƙo ta hudar cif, kamar an auna. Na ɗaga ta saitin fitila, ban ga komai ba sai baƙi. Ƙaramar cikin ɓerayen ta zo ta shinshina, ta kama sha.

Na ɗauki hoto na tura masa. Na rubuta, "Ta yi daidai."

Ya amsa da sauri: "Alhamdu lillahi! Saura abu ɗaya. Mahaifiyata na son zuwa ganin ki ranar hutu. Ita ce dalilin da na shiga sana'ar nan, in ta ga ɓera a talabijin ma kan kujera take hawa. Na ce mata a jami'a kike aiki."

Na rubuta, "Wane ɓangare ka ce mata?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga shi:

"Ɓangaren lafiya."